Ni ina magana, NVDA yana magana, amma murya ɗaya ce ke fitowa

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'ar gida, an yini lafiya? Ya zafi? Na zo da koke. Akwai yara uku da nake koya wa kwamfuta, duka makafi irina, biyu a Kumo ɗaya a Dukku. Kuɗin mota ya yi wuya, sai a yi mako uku ba mu haɗu ba. Na ce to bari in riƙa naɗar darasi ina tura musu. Shekaranjiya na zauna na yi minti 25 ina bayanin yadda ake adana takarda a Word a sa mata suna. Da na gama na kunna in saurara, muryata ta fito ras, amma NVDA, manhajar da ke karanta mana allon kwamfuta da murya, ko tari bai yi ba. Sai ka ji na ce "to kun ji abin da ya faɗa ko?", sai shiru, sai kuma in ce "madalla". Kamar mai hira da mutanen ɓoye. Da manhajar naɗar sauti ta Audacity nake ɗauka, iyafis a kunnena. Jiya na zare iyafis ɗin na bar shi yana magana ta lasifikar laftof. Ya shiga, amma kamar daga ƙasan rijiya, ga ƙwas-ƙwas ɗin madannai ya danne shi. Don Allah wanda ya san yadda ake haɗa muryoyin nan biyu ya taimaka.

Autan Tumfure:
Wa alaikumus salam Yaya. Wallahi na yi dariya har Inna ta leƙo. Ni dai ba na wahalar da kaina. In ƙure ƙarar lasifika, in jingina wayata a jikin kofi tsakanina da laftof, in danna naɗar murya, shi ke nan. Darasi 11 na yi a haka, babu wanda aka dawo min da shi.

Hamma na Bolari:
Auta, ai kyauta ka bayar, wa zai dawo maka da kyauta?

Ɗan Jekadafari, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Audacity ta ƙofa ɗaya take karɓar sauti a lokaci guda. Ka buɗe mata ƙofar makirfo, shi kuwa NVDA ta wata ƙofar yake fita ya zarce kunnenka. Ba su haɗu a hanya ba.

Ga hanya mafi kusa, ba sai ka sauke komai ba. Ka danna Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna Enter. Ctrl da Tab zai kai ka shafin Recording. Ka sauka kan makirfonka, ka buɗe Properties, ka matsa shafin Listen, ka sa alama a akwatin Listen to this device. Daga nan muryarka za ta riƙa dawowa cikin iyafis tare da ta NVDA. Sai ka koma Audacity, Ctrl da P, a wurin Host ka zaɓi Windows WASAPI, a wurin na'urar ɗauka ka zaɓi sunan iyafis ɗinka wanda ke da kalmar loopback a ƙarshe. Ma'ana ta kwashi duk abin da kwamfuta ke fitarwa. Tunda yanzu ku biyun ta ƙofa ɗaya kuke fita, tare za ta kwashe ku.

Kada ka kuskura ka yi wannan babu iyafis. Makirfo zai ji lasifika, lasifika ta mayar masa, sai ka ji ƙarar nan mai huda kunne irin ta masallaci in ladan ya matsa kusa da lasifika. Wasu kwamfutocin suna da Stereo Mix a ɓoye a wannan shafin na Recording, aikinsa kusan ɗaya ne, amma ba kowace ke da shi ba, shi ya sa ban fara da shi ba.

Ɗan Jekadafari:
Hamma Allah ya saka da alheri, ya yi, mun fito mu biyu. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Muryata tana dawo min a makare, kamar wani yaro na bina a baya yana kwaikwayona. Na kasa kai jimla ɗaya ƙarshe ba tare da in'ina ba. Matata ta ce ko ciwon haƙorin ne ya dawo.

Hamma na Bolari:
Wannan jinkirin da shi hanyar take zuwa, sautin sai ya shiga Windows ya zagayo. Wasu suna sabawa, ni ban saba ba. Kuma tana da aibi na biyu da ban faɗa maka ba: a kwano ɗaya aka dama ku. In ka saurara ka ji NVDA ya fi ka ƙarfi, ba ka da yadda za ka rage shi shi kaɗai. Fura da nono in sun haɗu ai an gama.

Shi ya sa ni kowa layinsa daban nake ba shi. Ka cire alamar Listen ɗin nan. Ka bar Audacity a loopback ta ɗauki NVDA kaɗai, muryarka kuma ka ɗauke ta da waya. Da ka fara, ka zare iyafis ɗaya ka kara shi a bakin makirfon wayar, ka danna Insert da F12 ya faɗi lokaci. Wannan kalmar ta shiga duka biyun ke nan. In ka gama ka shigo da fayil ɗin wayar cikin Audacity, ka yanke duk abin da ya riga kalmar zuwa a layukan biyu. Ka kunna su tare. In ka ji amsa-kuwwa akwai saura, in ka ji murya ɗaya tak sun hau kan juna. Da kunne ake yi, babu inda ake bukatar ido.

Akwai kuma OBS Studio, kyauta ce, tana ɗaukar makirfo da sautin kwamfuta lokaci guda, kuma za ka iya ba kowa layinsa har shida. Sai dai bidiyo take fitarwa, kafin Audacity ta buɗe shi sai ka sa mata wani ƙari da ake kira FFmpeg.

Autan Tumfure:
Kun ji ko? Daga Bolari zuwa Pantami, Hamma sai ya bi da kai ta Bauchi. Mutum ya zo neman yadda zai koya wa yara uku adana takarda, an haɗa shi da gidan rediyo.

Malama ta Bajoga:
Salamu alaikum. Na bi saƙonninku tun daga sama, kuma ina ganin kun tsaya gardamar tukunya kun manta da mai cin tuwon. Ɗalibaina ana turo musu irin waɗannan darussan daga ko'ina, na Hausa da na Turanci, sai su kawo min su ce Malama ba mu gane ba. Na saurari da yawa. Yawancinsu sautinsu garau ne. Gudu ne ke kashe su. Mu da muka yi shekaru muna jin na'urar nan mun kai saurinta 70 ko 80, kalma ɗaya muke cafka mu wuce. Yaron da ya fara jiya, a kunnensa kukan tsuntsaye ne kawai. Kafin ka fara ɗauka ka sauko da shi wajen 35 ko 40. Insert da Ctrl da kibiyar dama har ka ji ya ce rate, sannan kibiyar ƙasa. In tsarin madannan laftof kake, ka ƙara Shift. Zai gundure ka, za ka ji kamar ka ja kalmar daga bakinsa. Ka daure, ba don kai ake yi ba.

Sannan in yana magana ka yi shiru. Mai ido in yana bin darasi, allo na gabansa malami na surutu a kunnensa, ba sa karo. Mu kuwa duka biyun ta kunne suke shiga. Muryar NVDA ita ce allonmu. Wanda ya yi magana a kanta kamar malamin da ya tsaya da babbar riga a gaban allo ne yana cewa ku kwafa. Ka faɗi abin da za ka danna, ka danna, ka kame bakinka har ya kai aya, sannan ka fassara.

Kuma fassara na ce. An taɓa turo mana wani darasi, mai shi ya bi ya yanke duk Turancin NVDA wai yara ba sa jin Turanci, ya bar bayaninsa na Hausa zalla. Niyyarsa mai kyau ce, amma yarinyar da za ta zauna gaban tata kwamfutar wannan Turancin za ta ji. In ba ta taɓa jin yadda "file name edit" ke fita daga bakin na'ura ba, ta ina za ta san ta iso wurin? Ba sai ta iya Turanci ba. Ta gane sautin kawai, kamar yadda muke gane takun mutanen gidanmu.

Ka kuma kunna Insert da 4, shi ke sa NVDA ya faɗi madannan umarni da bakinsa. In ka manta ba ka ce Ctrl da S ba, shi zai faɗa maka.

Autan Tumfure:
Malama ta rufe taro da addu'a. Kun ga ashe ba maganar OBS ba ce.

Hamma na Bolari:
Auta daina laɓewa a bayan Malama, ni maganarta ta goya wa baya. In muryar na'ura ita ce allo, to naka allon ruwa ya dake shi. Kai a ɗakinka kake sauraro da iyafis, kuma ka riga ka san abin da zai faɗa. Yaron nan na Dukku a ƙaramar waya zai ji, a tsakar gida, ana daka a gefe. Na saurari darasinka na 7, wanda ka yi a kan saitin murya. Ka danna, ya yi magana, har yau ban san "checked" ya ce ko "not checked" ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsu, kuma ita ce darasin gaba ɗaya.

Autan Tumfure:
Ranar ana markaɗe a maƙwabta ne. Amma dai Hamma ka yarda, darasi 11 masu ɗan hayaniya sun fi darasi ɗaya mai kyau da ake ta gyarawa tun kafin azumi. Ina wanda ka ce za ka yi mana na Reaper, manhajar gyaran sauti, da OSARA, ƙarin da ke sa makaho ya iya aiki da ita?

Hamma na Bolari:
Yana nan zuwa.

Autan Tumfure:
Kwana 60 ɗin gwajin Reaper ma ai sun ƙare tuni.

Bappa Kumo:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ni a makarantar makafi ta Gindiri na fara, da Braille. Da na wuce gaba, inda littattafan Braille suka ƙare, kaset ne ya ɗauke mu. Kaset mai minti 90, 45 kowane gefe. Mu roƙi abokin karatu mai ido ya karanta mana littafi a rikoda. Za ka ji tari, ka ji buɗe shafi, ka ji akuya, wani lokacin ya ce "a'a, bari in sake". Da haka muka ci jarrabawa. Ban ce ku koma can ba, Allah ya kawo muku sauƙi ku riƙe shi.

Tambayata ɗaya ce. Na ji Hamma yana ta maganar yanka. Kuskuren da malami ya yi a tsakiyar darasi, shi ma yanke shi kuke yi? In haka ne kuna zubar da nama kuna riƙe romo. Ni da furfura na koyi kwamfuta, kuma abin da ya fi ba ni wuya shi ne ɓata. In yatsa ya zame, na faɗa wani wuri, na'ura tana faɗin abin da ban taɓa ji ba, sai zufa ta karyo min, in zauna jiran wanda zai zo ya cece ni. Babu darasin da ya nuna min yadda ake dawowa, don duk malaman da na saurara ba sa ɓata. Wanda ya koya maka hanyar kasuwa da sanda bai gama aikinsa ba sai ya nuna maka abin yi ranar da ka tsinci kanka a bakin kwalbati.

Malama ta Bajoga:
Bappa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na karɓi maganarku, amma da ɗan sharaɗi. Kuskuren da na san ɗalibi ma zai yi, shi nake bari, har da gangan nakan yi shi. In ce "ku saurara, yanzu na ɓata", in danna Insert da T ya faɗi sunan tagar da nake ciki, Insert da Tab ya faɗi inda na tsaya, in danna Escape in dawo. Wannan kam ya fi rabin darasin amfani. Amma minti biyar na malami yana lalube yana "to, wai ina ne ma, bari dai", wannan ba na bari. Sabon ɗalibi bai san kuskure ba ne, bin ka zai yi tiryan-tiryan har cikin ramin.

Bappa Kumo:
To 'yata, na yarda. A bar rami ɗaya mai alama.

Hamma na Bolari:
Bappa, ku gafarce ni, tari da kiran yara kawai nake yankewa. Daga yau zan riƙa barin rami.

Adda ta Pantami:
Ku masu laftof kun cika gidan. Matan da nake koya wa babu mai kwamfuta ko ɗaya, duk waya ce da TalkBack, mai karanta allon Android da murya. Tun daga Android 11 waya tana da abin naɗar allo nata, har da zaɓin ta ɗauki sautin waya da na makirfo tare. Na yi murna na ce abin nema ya samu. Na ɗauka, waƙa tana shiga, bidiyo yana shiga, TalkBack shiru. Daga baya aka yi min bayani cewa Android ta ware muryar TalkBack a hanyarta daban, ba cikin sautin waƙa da wasa da aka yarda a kwasa ba. Shi ya sa ma ƙararsa ke da nata ma'auni daban. Don haka ni dole hanyar Auta nake bi, lasifika a buɗe, wata wayar a gefe.

Amma ba wannan ya kawo ni ba. Ku ji abin da ya same ni don kada ya sami wani. Na yi darasin tura kuɗi ta lambobin nan na tauraro da ake dannawa ba intanet. Na yi shi tsaf, na tura zauren matanmu. Ba a yi minti goma ba wata ta kira ni ta ce Adda, lambar sirrinki kaza ce ko? Gabana ya faɗi. Akwatin da ake rubuta lambar a wurin ba na sirri ba ne, TalkBack ya karanto ta ɗaya bayan ɗaya, ya bi da ragowar kuɗina har kwabo. Bai tsaya nan ba, saƙon maigida ya shigo ana cikin ɗauka, shi ma ya karanta. Allah ya rufa asiri maganar cefane ce. Nan take na sauya lambar. Mun saba da muryar nan har ba ma jin tana tona mu.

Malama ta Bajoga:
Innalillahi. Adda sannu. A kashe sanarwa kafin a fara, kuma a saurara daga farko har ƙarshe kafin a tura, ko da an gaji. Ni sunayen ɗalibaina ya taɓa karantowa daga jerin fayiloli, tun ranar na buɗe jaka ta musamman ta darasi mai takardun wasa.

Mai Gyaran Waya:
Salam. Ni mai ido ne, don gyara aka sa ni a gidan nan, amma wannan ta fannina ce. Adda, akwai yadda za ki samu muryar TalkBack garau. Yawancin Tecno da itel da ke hannun mutanenmu har yanzu suna da ramin iyafis. Ki sa mararraba mai baki biyu a ramin. Baki ɗaya iyafis ɗinki, ɗayan kuma igiya mai kai biyu zuwa na'urar da za ta ɗauka, ko laftof ta ɗan katin sauti na USB. Ki rage ƙarar wayar sosai kafin ki fara, don abin da ke fita ta ramin iyafis ya fi ƙarfin ramin makirfo, in ya yi yawa sautin fashewa yake yi kamar tsohuwar rediyo.

Wurin sayen igiya ku shafa kan da farce. Mai zobe biyu sauti kawai yake ɗauka, mai zobe uku shi ne mai hanyar makirfo. Rabin waɗanda ke kawo min ƙorafin makirfo ba ya aiki, kan igiyar ne bai dace da ramin ba.

Sai wani gurnani da ke bin naɗi daga farko har ƙarshe, wuuu a ƙasa-ƙasa. Wutar ƙasar nan zagaye 50 take yi a daƙiƙa, ita ce ke bin caja ta shiga. Da janareta ma ya fi muni. Ku cika batir, ku zare caja, sannan ku ɗauka.

Adda ta Pantami:
Allah ya yi albarka ƙanena. Laftof ɗin ne babu, amma zan ari na ɗan yayata ranar Asabar.

Hamma na Bolari:
Tunda Adda ta faɗi nata, bari in faɗi nawa, Auta ya samu abin dariya. Akwai wata manhaja VB-CABLE, igiya ce ta ƙarya a cikin kwamfuta, ka tura sauti ta baki ɗaya ya fita ta ɗayan. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya na sa ta, na shiga saitin NVDA na ce ya riƙa fita ta igiyar. Na danna OK. Tsit. Ashe ban haɗa ɗaya bakin da kunnena ba. Yana can yana zuba a cikin igiya, ni ina zaune cikin shiru. Garin neman gira na rasa ido, ga shi dama idon babu.

Sai na ƙara wauta a kan wauta, na kashe NVDA na sake kunnawa. Shi kuwa in zai fita adana saiti yake yi, sai ya adana ɓarnar. Da na tsaya na danna Insert da Ctrl da R sau ɗaya, da ya koma saitin da ke ajiye. Abin da ya cece ni Narrator ne, mai karanta allo da ke zuwa cikin Windows, Ctrl da Windows da Enter. Na yi shekaru ina raina shi, ranar shi ya ja min sanda har na gyara. Duk wanda zai taɓa hanyar fitar sauti ya haddace waɗannan biyun tukuna.

Autan Tumfure:
Allahu akbar. Kofi da waya ba su taɓa yi min haka ba.

Ni abin da ya taɓa katse ni JAWS ne, wani mai karanta allo na kuɗi. Na gwaji nake da shi, minti 40 yake yi ya ce sai an sake kunna kwamfuta, ana tsakiyar darasi ya yi sallama. Shi ya sa na koma NVDA. Makafi biyu ne 'yan Ostireliya suka gina shi, Michael Curran da James Teh, tun 2006 ake yinsa kuma kyauta ne. Yaran da muke koya wa ma shi za su iya samu, to da shi ya kamata a yi darasin.

Ɗan Jekadafari:
Hamma na dawo. Na bi hanyar waya da loopback. Farkon ya hau daidai, murya ɗaya tak. Amma daga minti na biyu NVDA ya fara riga ni. Kafin in ce zan danna, ya riga ya amsa. Zuwa ƙarshe ya gama darasinsa ya tafi, ni ina nan ina bayani. Layinsa minti 4 ne, nawa minti 12.

Hamma na Bolari:
Laifina ne, na manta. Loopback in babu sautin da ke fita tsayawa yake yi, sai an yi magana ya ci gaba. Duk shirun da NVDA ya yi kana bayani bai ɗauka ba, shi ya sa layin ya tsuke. Maganinsa ka ba shi shirun da zai riƙa ji. Kafin ka fara, ka shiga Generate ka zaɓi Silence, ka sa minti 30. Sannan Shift da R, ya ɗauka a sabon layi. Wancan layin shirun yana tafiya a ƙasa, ƙofar ba za ta rufe ba. In ka gama ka goge shi.

Wurin fitarwa kuma ka tausaya wa datar yaran. WAV yana cin kusan megabait 10 a minti ɗaya. MP3 mai 128 kusan megabait ɗaya a minti. Magana ce ba kiɗa ba, ka sa mono a 64, minti goma ba zai kai megabait 5 ba kuma kunne ba zai ji bambanci ba.

Malama ta Bajoga:
Kuma kada ya wuce minti goman. Minti 25 a kan adana takarda ya yi yawa, ka raba uku. Jimlarka ta farko ta zama sunan darasin da lambarsa, ka faɗi ko Insert kake amfani da shi ko Caps Lock, ka faɗi muryar da ka sa. Sababbi sun fi gane muryar Zira ko David na Windows a kan eSpeak, muryar da ke zuwa cikin NVDA. In ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin takarda don sunan fayil ɗin ya zauna, in ba haka ba yaro zai tara lambobi ashirin a waya bai san wanne ne wanne ba.

Wani abu kuma, in za ka rubuta misali a Word, ka san muryar Turanci za ta yi wa Hausa kisan gilla, musamman ƙ da ɗ da ɓ. Ni eSpeak nake juyawa zuwa Suwahili in zan karanta Hausa, wasulan sun fi fita daidai. Ba Hausa ba ce, amma ana ganewa.

Adda ta Pantami:
Wane lokaci kuke samun shiru ne wai? Bayan isha janareta, bayan asuba zakaru da 'yan makarantar allo, da rana keke napep.

Autan Tumfure:
Hantsi, in yara sun tafi makaranta. A ɗakin da ke da katifa da labule, ban da falo mai tayil. Wuyar ita ce kashe fanka a zafin Gombe na watan Afrilu. Minti goman Malama ma da ƙyar nake kaiwa, ina gamawa sai wanka.

Ɗan Jekadafari:
Alhamdu lillahi jama'a, ga shi na saka a sama, darasi na 1, minti 8 da daƙiƙa 40, megabait 4. Na rage gudu zuwa 38, na bar ramin Bappa guda ɗaya a wajen minti na biyar. Na tura wa na Dukku tun da safe. Yanzu ya kira ni ya ce ya adana takarda da sunansa, kuma ya ɓata sau ɗaya ya dawo da kansa. Ku saurara ku faɗa min gaskiya.

Malama ta Bajoga:
Na saurara. Ya yi kyau ƙwarai. A minti na 6 ka hau kansa, yana cikin faɗin sunan jakar ka fara fassara. Tunda layinku daban ne, ka matsar da naka baya kaɗan.

Autan Tumfure:
To, na ji bambancin, ba zan yi musu ba. Amma kwana huɗu darasi ɗaya, Yaya. Mu ga na biyu.

Bappa Kumo:
Yaran nan biyu na Kumo, a ba ni sunan unguwarsu ta waya. In datar ta gagara su zo gidana a tura musu ta Bluetooth, jikata ta iya.

Mai Gyaran Waya:
Adda, na samo mararrabar da igiyar. Ki turo yaro shago bayan la'asar, ya zo da wayar in gwada ramin tukuna.